Me zan dafa wa maigida da abokansa idan sun dawo daga ƙwallo?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna ta aiko da tambaya. Ta ce maigidanta da abokansa, su tara zuwa goma, suna buga ƙwallo kowace Lahadi bayan sallar asuba, kuma suna karɓa-karɓa wajen karin kumallo, wannan mako a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan wancan. Idan layi ya zo kanta, takan soya dankali da doya da ƙwai ta haɗa da lemon kwalba. Yanzu maigidan yana son rage tumbi, biyu daga cikin abokan kuma suna da hawan jini. Ita ma tana tattaki da ƙawayenta da yammacin Asabar, sukan biyo ta gidanta. Tana son abinci mai sauƙin haɗawa, mai lafiya, wanda kuma ba zai ba ta kunya a gaban baƙi ba.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Ciyar da maza goma da suka sha gudu ba ƙaramin aiki ba ne, Allah Ya ba da lada.

Ba sai kin koyi sabon girki ba, ba kuma sai kin sayi garin nan na gwangwani da ake tallata wa masu motsa jiki ba. Fura da kindirmo, dambu, alala, garau-garau, kwaɗo, duk suna ɗauke da abin da jikin ɗan ƙwallo yake nema. Inda muke ɓata su wuri uku ne: mai, sukari da magi. Sai kuma tsarin kawo abincin, wato me ya fara shiga ciki, me ya biyo baya.

Wanda ya yi awa ɗaya ko ɗaya da rabi yana bin ƙwallo ya zubar da gumi, a lokacin zafi yakan kai lita guda a awa, wani ma ya wuce. Gumin nan ba ruwa ne zalla ba, da gishiri yake fita. Ya kuma ƙone sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda shi ne ke ba shi ƙarfin gudu, abin da ke mayar da shi kuwa shi ne abinci mai sitaci kamar gero, shinkafa, masara, dankali da ayaba. Tsokar ma ta sha wuya, tana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, don ta gyaru. Masana abincin 'yan wasa suna sa gram 20 zuwa 30 na furotin a cin farko bayan wasa ga babban mutum. Don ki gane yawansa: ƙwai ɗaya yana da wajen gram 6, rabin litar kindirmo yana da wajen 16 zuwa 18, yankan kifi mai girman tafin hannu yana da wajen 20, gwangwanin madara ɗaya na busasshen wake kuma yana da wajen 30. Kin ga ba abu ne mai wuyar cikawa ba.

Akwai maganar da ke yawo a wuraren motsa jiki cewa in mutum bai ci abinci cikin minti talatin da gama wasa ba, wahalarsa ta tashi a banza. An zuzuta abin ne. Gaggawar ta fi shafar ɗan wasan da zai sake fita fili da yamma ko washegari. Su naku da sai wata Lahadin, in sun ci cikin awa ɗaya zuwa biyu ya wadatar. Sai dai da yake yawancinsu daga masallaci suke wucewa fili ba su sa komai a ciki ba, kada a ja su da hira har rana ta take. Ki ce wa maigida ya riƙa fita da dabino uku ko ayaba ɗaya da gorar ruwa, zai ji bambanci a zagaye na biyu.

Yanzu lissafin da zai shafi tumbin maigida. Mutum mai kilo 70 da ya yi awa guda a ƙwallon unguwa yakan ƙone kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 500 zuwa 600, in da gaske ya yi gudun, ba tsayuwa ya yi a baya yana ba da umarni ba. Babban cokali ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja, yana da wajen kalori 120. Robar lemo ta rabin lita tana da sukari wajen gram 50, kusan cokalin shayi 12 ke nan, kalori 200. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce sukarin da babban mutum zai ƙara a abinci da abin sha a yini guda kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 ɗin nan, in ya tsaya a 6 ya fi. Faranti ɗaya na soyayyen dankali da doya da ƙwan da ya sha mai, a kora da roba ɗaya ko biyu, ya mayar da abin da aka ƙone har da riba. Shi ya sa za ki ga mutum ya shekara biyar yana ƙwallo duk mako, ciki kuwa sai gaba yake yi.

Abin da za su fara tararwa a bakin ƙofa ruwa ne. Ruwan randa ko na firij mai ɗan sanyi, kofi biyu ga kowa, a sha a hankali. Kusa da shi ki ajiye tire na yankakkiyar kankana, ko lemon zaƙi, ko gwanda, ko abarba, duk wanda kakarsa ta kama. Kankana fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ce, ga ɗan zaƙin da zai kashe musu kaifin yunwa, don kada su faɗa wa abinci da haɗama. Wanda yake son sanin ainihin ruwan da ya rasa, ya hau sikeli kafin wasa da bayan wasa: duk kilo ɗaya da ya ragu, ya sha wajen lita ɗaya da rabi a cikin awannin da suka biyo baya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kallon fitsari, in ya yi duhu akwai sauran bashin ruwa. A lokacin hunturu ne aka fi yin sakaci, domin iska na busar da gumin tun kafin a gan shi, mutum ya ɗauka bai yi zufa ba.

Gishirin da aka rasa, abincin da za su ci zai mayar da shi, ba sai kin ƙara a abin sha ba, balle da masu hawan jini a cikin taron. Ruwan gishiri da sukari, wato lita ɗaya ta ruwa da shafaffen cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, ki bar shi ga wanda ya daɗe a rana ya dawo da jiri ko ɗaurewar tsoka. Lemon gwangwanin nan da ake ce wa mai ƙara kuzari ba wurinsa ba ne nan, sukari ne da sinadarin kafeyin mai hana barci, ga zuciyar da ba ta gama sauka daga gudu ba.

A maimakon lemon kwalba ki yi zoɓo tun daren Asabar. Gwangwani 3 na zoɓo ya isa lita 5 na ruwa. Ki ɗauraye shi da sauri don yashi, ki tafasa da dakakkiyar citta, kanumfari kaɗan da ɓawon abarba da kika wanke sosai, minti goma sha biyar, ki bari ya huce ki tace. Naman abarbar ki markaɗa ki tace a ciki, shi zai rage tsamin. In kina da dabino, ki jiƙa kamar goma sha biyar ki markaɗa ki zuba. In sukari za ki sa, ki auna: babban cokali 10 a lita 5. Ko da haka wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na sukarin lemon kwalba. Makon farko za su ce bai ji sukari ba, kada ki kula, harshe yana sabawa. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, wannan ya tabbata a bincike, saboda haka masu shan maganin hawan jini su tsaya a kofi ɗaya, kada kuma su ɗauke shi a madadin magani. Mai juna biyu a cikin ƙawayenki gara ki ba ta wani abin.

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da za a ba wanda ya dawo daga fili, fura da kindirmo zan zaɓa. Ruwa yana ciki, sitacin gero yana ciki, furotin na madara yana ciki, ga shi tana shiga ko da mutum ya gaji har ba ya sha'awar tauna. Manoma da makiyaya sun daɗe da sanin haka. Abu biyu nake so ki kiyaye. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko cuta daga saniya, ciki har da tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ke sa ciwon gaɓoɓi. Sannan ba ki san ruwan da aka sirka shi da shi a hanya ba. In kina da mai nonon da kika amince da tsaftarta, madalla. In babu, ki haɗa naki: madarar gari gwangwani ɗaya, ruwan ɗumi gwangwani uku zuwa huɗu, wanda aka tafasa aka bari ya sauka har yatsa zai iya zama a ciki, sai babban cokali biyu zuwa uku na kindirmo mai kyau a kowace lita a matsayin iri. Ki rufe ki ajiye wuri mai ɗumi awa shida zuwa takwas ba tare da motsa shi ba, ya yi barci, sai firij. Lita uku ta ishi mutum goma idan akwai abinci a gaba. Ki dama furar da ɗan kauri, ki bar sukarin a gefe kowa ya sa da kansa, ki sa ƙaramin cokali a cikin mazubin. Ƙanƙara kuma ta ruwan da kika yarda da shi.

Amma ki tuna fura abinci ce cikakkiya. In kin ba su babban kwano sannan kika kawo dambu, ko dai su bar miki dambun ko su ci biyun su kwana a falonki. Ƙaramin kofi in akwai girki, babban kofi da dafaffen ƙwai biyu da 'ya'yan itace in ranar ba ki da ƙarfin girki. Wannan na biyun ma karin kumallo ne da babu abin kushewa a cikinsa.

Babban abincin da na fi ba masu gida shawara a irin wannan taro shi ne dambun shinkafa da zogale, saboda turara shi ake yi, yana da auki, yana da kyan gani a tire, kuma baƙo ba zai taɓa jin an sa shi a takura ba. Ga mutum goma, tsakin shinkafa gwangwani 8, ko na masara in shi kuka fi so. Ki wanke ki tsane a kwando, ki zuba a madambaci ki turara minti ashirin. Ki juye a roba mai faɗi, ki yayyafa ruwa kaɗan ki wargaza shi da cokali. Sai ki zuba ɗanyen zogale da kika tsince kika wanke, kada ki yi rowarsa, ya kai kusan rabin yawan tsakin a ido domin yana ƙanƙancewa. Ki sa albasa manya uku, jajjagen attaruhu da tattasai, gurzajjen karas, dakakkiyar gyaɗa gwangwani ɗaya, gishiri kaɗan da magi. Ki cakuɗa ki mayar madambaci minti ashirin zuwa ashirin da biyar. In babu ɗanyen zogale, busasshe ma yana yi, ki jiƙa shi da ruwan zafi tukuna.

Wurin mai ne ake faɗuwa. Dambu yana shan mai ba ya nunawa, mai zubawa daga galan ba za ta san ta zuba rabin kwalba ba. Ki auna babban cokali ɗaya ga kowane mutum, cokali goma ke nan, ki soya da albasa har ta yi ja, ki zuba a dambun ki juya tun yana da zafi. Kada ki kai kwanon mai gaban baƙi. Abin da ke hana dambu bushewa a maƙoshi shi ne isasshen turare da yawan ganye da albasa, in kuma kin haɗa da ɗan miyar tumatir mai ruwa-ruwa a gefe, babu mai neman ƙarin mai. Furotin ɗinsa kuwa, ƙwai biyu dafaffu ga kowa, ko yankan gasasshen kifi.

Kifin, ki nemi titus ko tarwaɗa ko karfasa. Ki tsattsaga jikinsa tun dare, ki shafe da markaɗen citta, tafarnuwa, attaruhu, lemon tsami, gishiri kaɗan da cokali biyu na mai, ki sa a firij. Da safe minti ashirin zuwa ashirin da biyar a oben, ko a kan waya bisa garwashin da ya daina ci da harshe. Titus yana da irin kitsen da ke taimakon zuciya, ga masu hawan jinin nan ya fi musu jan nama. Kaza ma haka za ki yi mata, ki cire fatar, ki ba ta minti arba'in ko fiye, har ruwan da ke fita daga jikin ƙashi ya daina ja.

Ranar da aljihu ya yi sanyi, ki dafa garau-garau, kada ki ji kunyarsa. Shinkafa da wake haɗi ne da masana abinci suke yabo: furotin na wake yana da ƙarancin wani sinadari da shinkafa ke da shi, na shinkafa kuma yana da ƙarancin wanda wake ke da shi a wadace, in sun haɗu sai su cike wa juna. Gyaran da zan yi masa shi ne yawan waken. Mun saba gwangwani huɗu na shinkafa a jefa ɗaya na wake, ana tsintarsa. Ki kai shi shinkafa biyar da wake huɗu ga mutum goma. Ki jiƙa waken tun dare ki zubar da ruwan, zai nuna da wuri, zai kuma rage kumburin ciki, ba sai kin sa kanwa ba. Kanwa tana saurin nunar da wake, gaskiya ne, amma tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa, kuma ita kanta dangin gishiri ce, ba ta dace da mai hawan jini ba. Ki yanka latas ko kabeji, tumatir, kokwamba da albasa da yawa a sama, ki matsa lemon tsami. Tsamin nan ba don daɗi kawai ba ne, bitamin C ɗinsa yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa gara a jinkirta shi awa ɗaya bayan cin abinci. Mai da yaji, ki auna man kamar yadda na faɗa, yajin kuma ki daka naki da ƙuli-ƙuli da citta da barkono, domin na sayarwa yakan cika magi da gishiri.

Tunda na ambaci magi: kusan rabin nauyin dunƙule ɗaya gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai gram 5, wato cokalin shayi ɗaya, a haɗa da na cikin burodi da magi da komai. In kin saba jefa dunƙule goma a tukunyar mutum goma sannan ki bi da gishiri, ki rage zuwa huɗu ko biyar, ki cike gurbin da daddawa, dakakken busasshen kifi, albasa, tafarnuwa da citta. Daddawar kalwa da aka daka da kyau ta fi ba miya zurfin ɗanɗano, mun dai yi watsi da ita ne saboda warinta a hannu.

Alala ita ce mai ceto ga wadda ba ta son tashi da girki da asuba, domin ana iya gama ta tun dare a ɗumama da safe. Wake gwangwani 5, a surfa a wanke, a markaɗa da tattasai huɗu, attaruhu gwargwadon yadda kuke cin yaji da albasa biyu. Mai rabin gwangwani ya isa. Ki dama da ruwan ɗumi har ƙullun ya riƙa zuba daga ludayi ba tare da ya tsinke ba, ki marmasa dafaffen kifi a ciki, ki yanka dafaffen ƙwai ki saka a kowane mazubi. Ki turara minti arba'in zuwa arba'in da biyar. Ni na fi son gwangwani da aka shafa wa mai ko ganye a kan leda, ba na son abinci ya daɗe yana tafasa cikin leda, kuma ta gwangwani ta fi kyau idan aka juye a faranti. Biyu ga kowane mutum, da koko ko kunun gyaɗa mai ɗan sukari, an gama. Ga wake iri ɗaya da na ƙosai, amma ƙosai ya yi iyo a mai, alala kuwa kin san abin da kika zuba.

Ɗanwake fa? Ana sonsa, kuma ba zan hana ba. Sai dai na yanzu sunan wake kawai ya rage masa, yawanci fulawa ce ko garin rogo da kuka da kanwa. In za ki yi, ki tabbata garin wake ya kai rabi, kanwa ɗan kaɗan, ki cika farantin da kabeji da tumatir da ƙwai. Awara ma furotin ce mai kyau da araha, in kin yanka ta ƙanana kika gasa a kaskon da aka shafa wa mai, ko kika jefa ta cikin miyar tattasai da albasa ta ɗan dahu, ta fi wadda aka tsoma a mai sau biyu.

Akwai kuma na ranar da baƙi suka zo ba shiri: dankalin Hausa. Ki fere ki yanka manya ki dafa da ɗan gishiri, minti ashirin. Kafin ya nuna kin soya albasa, tumatir, tattasai da alayyahu a cokali huɗu na mai kin fasa ƙwai goma sha biyar a kai. Dankalin da ƙwan da kika saba kawo musu ne dai, tukunyar suyar kawai aka cire.

Su kuma ƙawayenki na tattaki, lissafinsu daban ne, kuma a nan mata da yawa suke ruɗar kansu. Tafiyar minti arba'in da biyar da ɗan sauri ba ta wuce ƙona kalori 200 ko kusa da haka, cincin cike da hannu biyu da lemo ɗaya sun fi ƙarfinta. Ba ku bukatar wani abincin mayar da ƙarfi, abin taɓawa na hira kuke bukata. Kwaɗon zogale ya fi komai dacewa: ki dafa zogalen ba kanwa har ya yi laushi, ki matse, ki zuba dakakken ƙuli-ƙuli da kika ɗan jiƙa, tumatir, albasa, attaruhu kaɗan da lemon tsami, mai cokali ɗaya ko ma babu, domin ƙulin yana da sauran maiƙonsa. Rama ma haka, sai dai a zubar da ruwan farko saboda tsami. Ki lura da ƙulin da gyaɗar da kike saye. Duk wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci ki zubar, kada ki ce za ki soya ta gyaru, gubar da fumfunar gyaɗa ke haifarwa tana illa ga hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Kindirmo da yankakkiyar ayaba da gwanda a ƙananan kofuna, a barbaɗa soyayyiyar gyaɗa ko riɗi, shi ma yana burge baƙi fiye da wahalar da aka sha a kansa. Kunun aya da dabino da kwakwa yana da daɗi, sai dai yana da nauyin kalori, kuma ba ya jure zafi, in babu wuta ki yi shi daf da zuwansu.

Zancen wuta ya kawo ni kan ajiya, tunda rabin abin da na lissafa tun dare ake haɗa shi. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin Maris zuwa Mayu kuwa awa ɗaya. Shinkafa da dambu da alala sun fi saurin juyawa, kuma shinkafar da ta kwana a waje tana iya ɓata ciki ko da an sake ɗumama ta. In ba ki da tabbacin firij zai kwana da sanyi, abin da za ki yi da dare shi ne na bushe da na jiƙo: tsince zogale, jiƙa wake, daka gyaɗa da yaji, dafa zoɓo, kwaɓa kindirmo. Turare da gashi su jira safiya. Tsakanin fitarsu da dawowarsu kina da kusan awa biyu, dambu da kifi ba su kai haka ba.

Masu hawan jinin nan biyu, kada ki ware musu kwano daban, babu namijin da ke son a nuna shi a gaban abokai a ce ga na marar lafiya. Ki rage gishirin tukunyar gaba ɗaya, ki ajiye yaji a gefe ga mai so. In akwai mai ciwon sukari, ya cika farantinsa da ganye da kifi da wake, ya rage fura da dambu, kuma ya riƙa zuwa fili da dabino a aljihu, domin wasa kan iya faɗar da sukarin mai shan magani ko mai allura. Mai ciwon ƙoda kuwa, yawan furotin da ayaba da zogale ba lallai su dace da shi ba, wannan sai abin da likitansa ya tsara masa. In kuma wani ya dawo yana dafe ƙirji, ko numfashinsa ya ƙi daidaita bayan ya huta, ko maganarsa ta fara rikicewa jikinsa ya yi zafi rau, kada a tsaya dama masa fura ana cewa yunwa ce, a sa shi a mota a nufi asibiti.